Ranar da Sitikar Motata Ta Amsa a Gummi

Tun ina da ƙarfin ɗaga buhun gero ni kaɗai in ɗora a but ɗin mota nake jigilar mutane tsakanin Anka da Gummi. Da motocin mutane na fara, daga baya Allah Ya hore mini tawa, wata tsohuwar farar mota mai dogon baya. Na san kukan injinta kamar yadda na san tarin Inna ta bayan katanga. Da ita nake ciyar da gidana, da ita nake kai Inna asibiti in ƙafafunta suka kumbura.

A wata bazara, lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa hanyarmu, sai ga wasu mutane daga wani kamfani sun iso tashar Anka tare da shugabannin ƙungiyarmu ta direbobi. Aka ce duk motar da ke lodi a tasha sai an manna mata sitika. Muka jera motoci tun hantsi, rana tana dukanmu, har bayan azahar kafin layi ya zo kaina. Na zaci wani babban abu ne. Ashe 'yar takarda ce mai ƙyalli wadda ba ta kai tafin hannu ba. In ka ɗaga ta a haske sai ka ga wani siririn zare mai launin azurfa ya nannaɗe a ciki, da wani ɗigo baƙi a tsakiya kamar ƙwayar riɗi. Suka ɗauki hotona, suka rubuta lambar mota, suka manna ta a kusurwar gilashin gaba daga ciki. Suka ja mini kunne cewa kada in kuskura in ɓare ta, domin in aka ɓare ta ta mutu.

A ƙofar kowace tasha, ta Anka da ta Gummi da ta Bukkuyum, aka ajiye mutum da wata na'ura mai kama da babbar tocila, tana da ɗan allo a bayanta. In ka zo shiga sai ya saita ta ga gilashinka, ta yi ɗan ƙara, lambar motarka da hotonka su fito a allon. Manufar dai kada baƙuwar mota ta shigo ta kwashi fasinja ta kai su hannun mutanen daji. Iyakar abin da mutanen kamfanin suka faɗa ke nan. Amma akwai wani ɗan kamasho a tasharmu, mai bakin tsiya, wanda ya bi layi yana cewa, "Yanzu ko cikin rijiya anka jefa motarka, sai sun gan ta ga kwamfuta." Babu wanda ya musa, domin babu wanda ya tambaya. Kafin la'asar kowa ya ɗauka haka abin yake. Ni ma da shi na koma gida.

Inna ta dogara sandarta ta fito ƙofar gida ta leƙa gilashin.

"Wagga 'yar takarda ita za ta tsare ka?"

"Ba tsarewa takai ba, Inna. In an sace mota, ita ka hwaɗin inda take."

Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To, Allah dai Shi tsare." Ta juya ta koma ciki.

Sannu a hankali muka saba. Mai riƙe da na'urar Gummi wani dattijo ne, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya sauke daga sitiyari. Baba muke ce masa. Yana da benci a gindin dogon yaro, ba ya tashi sai dole. Daga zaune yake miƙo hannu. In na'urar ta yi ƙara sai ya ce, "Ta amsa, wuce." In kuwa cajinta ya ƙare, sai ya dube ka ya ce, "Ai na san ka, wuce." Duk ɗaya ne a wurinmu.

Damina ta yi nisa, gero ya fi tsayin mutum, ranar da abin ya same ni. Na taso daga Gummi bayan la'asar da fasinjoji da buhunan shinkafa da jarkokin man gyaɗa. Kusa da mahaɗar Nasarawa Burkullu akwai wurin da ruwa ya cinye hanya, dole ka rage gudu har ka kusa tsayawa. Nan suka fito daga cikin gero. Ban ji harbi ba, ganinsu kawai na yi a gabana. Suka sauke mu, suka kwantar da mu a bakin hanya, suka karɓe wayoyi da takalman da suka yi musu. Ɗaya ya shiga motar ya murɗa mabuɗi, ta ƙi tashi. Motar tana da halinta, sai ka taka totur sau biyu ka saki kafin ka murɗa. Ya gwada, ya sake gwadawa, sai ya leƙo ya ce, "Kai, mai mota, zo ka tashe ta."

Na tashi na shiga na tashe ta da hannuna, na fito na koma na kwanta. Ina jin kukanta tana shiga wata hanyar shanu, har ya ɓace.

Ba su tafi da kowa ba. Har yau ban san dalili ba. Wasu sun ce labari ya zo musu cewa sojoji na tafe, wasu sun ce kayan abincin suka fito nema. Muka taka ba takalmi har wata ruga, inda wata tsohuwar Bafillatana ta ba mu ruwa da nono, tana ta cewa sannu, sannu. Ita ma bara aka kore musu shanu, in ji ta. Da safe wata motar kaya ta kawo mu Anka.

Ko gida ban tsaya ba. Da silifas na aro na nufi ɗan shagon da kamfanin ya kama a kusurwar tasha. Ma'aikacinsu wani mutum ne mai tabarau, ba ɗan ƙasarmu ba ne, da jin Hausarsa ka san daga gabas ya fito.

"Ka buɗe kwamfutar ga ka hwaɗa min inda motata take," na ce masa. "Ko da sojoji ne sai in roƙa su raka ni."

Ya tura mini kujera. "Malam direba, zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Zauna, don Allah." Da na zauna sai ya ce, "Abin nan ba ya faɗin wuri. Ba shi da batir, ba shi da layi irin na waya. Na'urar bakin ƙofa ce take aika masa igiyar rediyo, ya ɗan samu ƙarfi daga gare ta, sannan ya amsa da lambarsa. In ya yi nisa da na'urar, takarda ce kawai."

"Nisa kamar ina?"

Ya nuna bakin ƙofar tasha da haɓarsa. "Daga nan ma ba za ta ji ba."

"To ai an ce ko cikin rijiya..."

"Wa ya ce?"

Na buɗe baki, na rasa sunan da zan kira in ba na ɗan kamasho ba. Gumi ya bushe a jikina, sai a lokacin na ji tafin ƙafata na zogi.

Mutumin bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce abin da zai iya shi ne ya sa wa lambata alamar ja. Duk ranar da motar ta shiga ɗaya daga cikin tashoshin nan uku aka saita mata na'ura, allon zai yi ja, ƙarar ma ta canza. Na ce, wane ɓarawo ne zai kawo motar sata tasha ya tsaya a haska ta? Ya ce shi ma bai ce za a kawo ba, amma ba a yanke ƙauna. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, suka rubuta, na koma gida.

Daga nan na shiga wani irin yawo da ban taɓa yi ba. Hankalina ya san maganar mai tabarau gaskiya ce, amma ƙafata ta ƙi yarda. Duk ranar da ba ni da aiki sai in shiga motar wani in tafi Gummi, in tambayi Baba. In dawo in sauka a mahaɗa in hau mashin zuwa Bukkuyum, in tambayi nasu. Ina da lambobinsu a 'yar wayar da surukina ya ba ni, amma sabis yau akwai gobe babu, kuma ni gani nake in ban je da kaina ba za su manta da ni. Direbobi ba sa karɓar kuɗina. Wannan ma wani nauyi ne. Mutumin da ya yi shekaru yana zaune a gaba, yau ga shi a matse a baya tsakanin buhun albasa da mai goyo, yana kallon ƙeyar wanda shi ya koya masa tuƙi, ƙafarsa tana taka burkin da babu.

Duk yamma in na shigo gida Inna takan tambaye ni, "Ta yi magana?" In ce a'a. Ta ce, "To." Matata ba ta tambaya, tuwo take ajiye mini ta koma ga yara. Na kama noma a gonar surukina, aikin da na bari tun ina saurayi, bayana ya gaya mini ya daɗe da mantawa. Wani lokaci in direba ya kwanta ciwo sai a ba ni motarsa ta yini ɗaya ko biyu.

Na'urar Bukkuyum ta lalace kafin kaka. Na je na iske mai ƙofar yana zaune hannu rabbana, ya ce an tafi da ita gyara. Na koma, ya ce ba a dawo da ita ba. Da na sake komawa ya hango ni daga nesa ya girgiza kai, ni ma ban ƙarasa ba, na juya. Baba kuwa a Gummi ya ce mini, "Direba, ka bar wahal da kanka. Ran da duk ta amsa, ni za ni neme ka, ko da ƙafa ne." Daga nan na rage zuwa. Ba haƙuri na yi ba, gajiya ce.

An gama girbi, ana sussuka, wata safiya ina gonar surukina waya ta yi ƙara. Baba ne.

"Direba, ta amsa. Taho maza. Amma ka taho da hankalinka."

Ban tsaya wanke ƙafa ba. A hanya zuciyata tana ta lissafin abin da zan tarar: ko sun canza mata fenti, ko sun cire kujeru, ko injin yana nan.

Tun daga bakin tashar Gummi na ji hayaniya. Mutane sun yi da'ira. Na kutsa, sai ga mota a tsakiya, shuɗiya, ƙirarsu ɗaya da tawa. A gefenta wani mutum na zaune a ƙasa, rigarsa a yage, hularsa a can gefe, jini na bin kunnensa na hagu zuwa wuya. Na san fuskarsa. Direba ne daga wajen Bukkuyum, kusan sa'ana, irin masu bin ƙauyuka suna kwaso kayan lambu. Ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Baba na tsaye a gabansa, ya dafe ƙugu da hannu ɗaya saboda baya, ɗaya hannun yana tare mutane da na'urar. Ana ta ihu, "Infoma ne! Shi ka kai musu kaya!" A ƙasarmu yanzu in aka jefi mutum da wannan kalma ta ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, ba kullum yake kaiwa yamma ba.

"Ga mai motar nan!" wani ya ce. Aka buɗe mini hanya.

Na zagaya ta. Tun kafin in taɓa ta jikina ya ba ni. Na buɗe bonet na duba injin, na goge lambarsa da hannun rigata. Na leƙa ƙarƙashi. Na buɗe ƙofa na ji ƙararta.

"Wagga ba motata ba ce."

"An yi mata fenti ne!"

"Fenti ba shi canza inji. Na ce ba tau ba ce."

Hayaniyar ta ɗan lafa, amma mutane ba su so jin haka ba. Shugaban tashar ya ce wa Baba ya sake haskawa. Ya saita, na'urar ta yi wani dogon kuka, allon ya yi ja, ga hotona nan da hular da na sa ranar da aka ɗauka. Sai na shiga na zauna a kujerar direba na dubi gilashin daga ciki. A ƙasa ta gefen dama akwai wani ɗan tabo kamar tauraro, inda tsakuwa ta taɓa fallatsowa daga tayar wata tipa. Ni na san ranar.

"Gilashin nau ne," na ce. "Gilashin kaɗai."

Na fito na tsuguna gaban mutumin. Sai da na maimaita tambayar inda ya samo gilashin kafin ya ji, yana juyo mini ɗaya kunnen. Ya ce reshe ne ya faɗo ya farfasa nasa a ƙarshen damina, sitikarsa ta tafi da shi. Ya sayi wannan a hannun wani mai sayar da tsofaffin kayan mota. Ya ga sitikar a manne, ya ce a ransa ai duk iri ɗaya ce, ta ma hutar da shi bin layi. Tun daga lokacin ƙauyuka yake bi, tashar garinsu kuma ba na'ura, yau ne ya fara shigowa Gummi.

"Wallahi, ɗan'uwa, ban san ta kowa ba ce," ya ce. Ya dafe kunnen. "Ɗiyana bakwai."

Na miƙe na ce wa mutane na yarda da shi, ni mai kaya. Na faɗa, na sake faɗa, har muryata ta dushe. Shugaban tasha ya sa aka kira 'yan sanda, aka tafi da mu ni da shi da Baba, aka fara kai shi wurin mai magani ya duba kunnen.

Sauran labarin ba shi da tsawo, ko da yake ya ci mana kwanaki. Aka je wurin mai kayan motar, ya ce shi ma a hannun wani ya saya tare da ƙofofi da fitilu, kuma duk ya sayar. Aka nemi wanin, aka ce ya bar gari tun tuni. Ɗan sandan da ke bin maganar ya ce mini, "Malam, sai haƙuri. An riga an yanka ta." Haka muke cewa in an wargaza mota an sayar da ita gunduwa-gunduwa. Na ce to. Na zaci zan ji wani abu mai ƙarfi, sai na ji barci kawai nake so.

Ranar da aka sallame mu, mai tabarau ya zo Gummi da kansa ya kankare sitikar da reza, ya manna wa mutumin sabuwa da sunansa. Mutumin ya ce a kira mai gilashi ya cire, a ba ni kayana.

"In kai shi ina?" na ce. "In jingine shi ga ɗaki? Bar shi nan."

"To ka bari in kai ka gida."

Anka ba hanyarsa ba ce, amma ya nace. Na zauna a gaba. Na daɗe ban zauna a gefen direba ba. Muka kama hanya ba fasinja, daga ni sai shi, auduga a kunnensa. Gonaki sun zama fili, an kwashe komai, sai karan da aka tara. Ina kallon hanyar ta cikin gilashin, tabon nan yana daidai inda idona ya saba ganinsa, sai dai yanzu ta wani gefen nake hango shi. Da muka zo wurin da ruwa ya cinye hanya ya rage gudu, ya dube ni. Na ce, "Nan ne." Ya ce, "Allah Shi kyauta." Muka wuce, har muka hango gidajen Anka.

Na gaya wa Inna yadda aka yi. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ce komai a kan motar ba. Mutumin ta tambaya, ko ya ci abinci kafin ya juya. Na ce ya ƙi tsayawa. Ta yi mini faɗa kamar ina yaro.

Ban sake mallakar mota ba. Yanzu ina tuƙa ta wani ɗan kasuwa kwanakin da jiki ya yarda, sauran kwanakin ina tasha ina taya lodi. Kamfanin ya rufe shagonsa, mai tabarau ya koma inda ya fito. Na'urar Anka tana cikin akwati a ofishin ƙungiya. Baba ya ci gaba da riƙe tasa har batirinta ya kumbura, sannan ya koma duba fuska. Sitikun suna nan a gilasan motoci, rana ta koɗar da su, ba mai ɓarewa ba mai tambaya.

Kunnen mutumin bai koma daidai ba. An kai shi asibiti har birni, aka ce cikin kunnen ne ya fashe. Yakan biyo ta Anka jefi-jefi in ya samu lodin wannan gefen. In ya gan ni sai ya tsaya, ya sauko mini da 'yar albasa ko rake, mu zauna a inuwar rumfar mai shayi. Dole in zauna ta damansa, in ba haka ba sai in yi ta magana ni kaɗai. Mukan yi zancen tsadar taya, da ramukan da suka ƙaru, da wanda aka tare a makon nan da wanda aka sako. In shayinsa ya ƙare sai ya ce rana na yi, yana so ya wuce mahaɗa kafin la'asar. In raka shi bakin mota, in tura masa ƙofar don ba ta rufuwa sai an danna daga waje.